Layin asibitin gwamnati ko katin kamfanin inshora? Muhawarar da aikin Baffa ya tayar

Baban Hanifa (Kano): Assalamu alaikum 'yan uwa. Da farko ina godiya ga duk wanda ya sa hannu a kuɗin aikin Baffa, Allah ya saka da alheri. Jiya aka cire masa roba, yana fitsari da kansa, har ya ce gobe zai fita masallaci. Amma akwai maganar da ta tsaya min a rai, sai na faɗe ta zan ji sanyi. Wata huɗu Baffa yana yawo da robar fitsari a jikinsa, yana jiran ranar aiki a asibitin gwamnati. Sau biyu ana ba mu rana ana ɗagawa. Na farko aka ce babu wuta kuma babu man janareta, na biyu aka ce masu larurar gaggawa sun cinye ranar. Da muka gaji muka haɗa kuɗi muka kai shi asibitin kuɗi, ranar Litinin likita ya gan shi, ranar Alhamis aka yi aiki. Ni dai na gama yanke hukunci: gwamnati ba ta iya riƙon lafiyar jama'a ba, a nan ko a wata ƙasa. Ta cire hannunta, kowa ya yanki inshora a kamfani, kamfanoni su yi gasa, wanda bai kula da kai ba ka bar shi ka koma wani. Ko Ingila da ake yi mana misali da ita na ji miliyoyin mutane ne a layi. Maman Sadiq tana can, ta faɗa in ƙarya na yi.

Maman Sadiq (Ingila): Wa alaikumus salam Yaya. Alhamdulillahi da sauƙin Baffa, a gaishe min da shi. Ba ka yi ƙarya ba. A watan Satumba na 2023 jerin masu jiran a duba su ko a yi musu aiki a Ingila ya haura miliyan 7.7, alhali kafin korona bai kai miliyan 5 ba. Ƙa'idar NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati a nan, ita ce daga ranar da aka tura ka wurin babban likita zuwa ranar da za a fara maka magani kada a wuce mako 18, kuma tun 2016 ba a sake cika wannan ƙa'ida yadda aka gindaya ba. Mai jiran aikin gwiwa ko ƙugu yana iya shafe shekara. A sashen gaggawa ma an ce awa huɗu, amma lokacin sanyi mutane na wuce haka nesa ba kusa ba. Shekara tara ina aikin jinya a nan, ba zan ɓoye wannan ba.

Sai dai Yaya, ka san Sadiq da sikila. Bara da tsakar dare ciwon ya tashi, ƙirjinsa ya riƙe. Na kira motar asibiti, aka kwantar da shi kwana shida, aka yi masa ƙarin jini. Ranar sallama na ɗauki jakarsa muka fito. Babu wanda ya tambaye ni ko sisi, babu takardar bashi da ta biyo mu gida. Ba na cewa kyauta ce, don duk wata ina ganin harajin da ake cirewa a albashina kuma yana da nauyi. Amma a daren nan abu ɗaya kawai nake tunani, numfashin ɗana. Layin da kake magana a kai yawanci na ciwon da zai iya jira ne. Wanda ba zai iya jira ba, shi ake shigarwa gaba.

Baban Hanifa: To ai nan ne matsalar, ƙanwata. Wa yake yanke cewa ciwona zai iya jira? A takarda ciwon Baffa ma "zai iya jira" ne. Amma dattijo mai shekara saba'in da ya daina shiga sahu don kunyar jakar fitsari, sau biyu robar tana jawo masa zazzaɓi, wannan jira ne ko azaba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Sadiq: Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Kawu Ilu (Amurka): Salamu alaikum. Ɗana, na karanta maganarka sau biyu. Ƙasar da kake kwatantawa ita nake zaune a ciki shekara ashirin da biyu, don haka bari in gaya maka yadda take.

Abin da ka faɗa na sauri akwai shi. In kana da inshora mai kyau, aikin da ake jira shekara a Ingila a nan cikin makonni za a yi maka, kuma da na'urorin da babu kamarsu. Amma inshora a nan ba kati ba ne da za ka miƙa shi ke nan. Duk wata ana cire kuɗi a albashina, kamfanin da nake wa aiki ya ƙara nasa. Bayan wannan kuma, duk shekara akwai wasu dubban daloli da sai na fara kashe su daga aljihuna kafin kamfanin inshora ya sa hannu. Sannan ba kowane asibiti ko likita zan je ba, sai wanda yake cikin jerinsu. Sannan wasu gwaje-gwajen da magunguna, ko likita ya rubuta, sai kamfanin ya ba da izini tukuna, kuma yana iya cewa a'a. Matata ta jira mako biyar ana kai da komo a waya kafin a yarda a ɗauki hoton bayanta. Wannan ma layi ne, sai dai ba a tsaye a asibiti ake yin sa ba.

Shekarar da aka rufe ma'aikatarmu na zauna wata bakwai babu aiki, inshorar ta tafi tare da aikin. A watannin nan ina da hawan jini, na riƙa raba ƙwayar magani biyu don ta kai ni. Sunana ba ya cikin jerin masu jira na kowace hukuma, amma ina jira.

Kuma ka duba kuɗin. Amurka tana kashe kusan kashi 17 cikin ɗari na arzikinta a kan lafiya, Birtaniya kusan kashi 11. Duk da haka a 2023 mutum wajen miliyan 26 ba su da inshora ko kaɗan a nan, kuma Bature ɗan Ingila ya fi Ba'amurke tsawon rai a ƙididdiga. Wani abin da ba a cika faɗa muku ba shi ne, tsofaffi a nan ba kamfanoni ne suka ɗauki nauyinsu ba. Tun 1965, zamanin Lyndon Johnson, gwamnati ta kafa Medicare don masu shekara 65 zuwa sama da Medicaid don talakawa, saboda kasuwa ta bar tsofaffi da yawa babu komai. Ni kaina ƙirga shekarun nake yi in kai 65.

Dakta Rabi (Kaduna): Kawu ya taɓo inda nake so in shiga. Yaya Baban Hanifa, don Allah tambaya ɗaya: wane kamfanin inshora ne ya biya aikin Baffa?

Baban Hanifa: Kin san amsa. Mu muka biya.

Dakta Rabi: To ka ga labarin Baffa bai zama hujjar inshora ba, hujjar kuɗi a hannu ne. Mutum goma sha ɗaya ne suka haɗa, biyu daga cikinsu da fam da dala. Da a ce ranar da ciwon ya fara ka ɗauki Baffa ka je ofishin wani kamfanin inshorar lafiya, irin waɗanda ake kira HMO, ka ce a yanka masa inshora shi kaɗai, abin da za ka tarar na san shi, don kullum takardunsu nake cikewa. Da yawa cikin tsare-tsaren da suke sayar wa ɗaiɗaikun mutane suna da iyakar shekaru, tsoho sai tsari na musamman mai tsada. Ciwon da mutum ya zo da shi sukan ce ba ya ciki, ko sai bayan wani lokaci. Tiyata sukan sa mata watannin jira bayan rajista, kuma akwai iyakar kuɗin da za su biya a shekara, in aka wuce sauran naka ne. Ban ce mugunta ce ba. Lissafi ne. Kamfani yana cin riba ne in masu lafiya sun yi yawa a littafinsa, marasa lafiya sun yi kaɗan. Baffa a wurinsu asara ne tun daga bakin ƙofa.

Wani abu kuma da ba ka lura da shi ba, ko ka lura ka yi shiru: likitan da ya yi wa Baffa aiki ranar Alhamis da yamma, ina yake aiki da safe? Galibin manyan likitocin tiyata da ake kira asibitocin kuɗi a Arewa ma'aikatan asibitocin gwamnati ne, can suka koyi aikin, can ake biyansu albashi. Asibitin kuɗi bai horar da su ba. In ka rushe na gwamnati, nan da shekara goma babu wanda za a kira.

Baban Hanifa: Dakta, kin ba ni makami da hannunki. Likita ɗaya, hannu ɗaya, ilimi ɗaya. Da safe ya kasa yin aikin wata huɗu, da yamma ya yi shi cikin kwana uku. Me ya canza? Ba likitan ba. Wurin ne. A asibitin kuɗi in janareta ya mutu mai asibitin ba zai yi barci ba, don kuɗinsa ne ke zuba. A na gwamnati in ya mutu sai a rubuta takarda, takardar ta hau ta sauka, kowa albashinsa na tafiya. Ni ɗan kasuwa ne, na san bambancin yaron da ke tsaron shagon ubansa da wanda ke tsaron shagon da ba na kowa ba.

Kuma ku tuna 2021. Likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki daga farkon Agusta har farkon Oktoba, wata biyu cur. Wanda ke da kuɗi ya tsallaka asibitin kuɗi, wanda ba shi da shi ya koma gida. Idan komai yana hannun gwamnati, rigima ɗaya tsakanin minista da ƙungiya ta isa ta rufe wa ƙasa ƙofa.

Su masu riƙe da asibitocin fa, a ina suke magani? Marigayi 'Yar'aduwa Saudiyya aka kai shi a 2009. Marigayi Buhari a 2017 ya yi sama da kwana ɗari a Landan a tafiya ɗaya. In kura na maganin zawo ta yi wa kanta. A Abuja aka taru a 2001 aka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, a ƙasarmu aka sa hannu, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ko kusa ba. Wannan gwamnatin kuke so in miƙa wa ran mahaifina?

Dakta Rabi: Maganar janareta ka yi gaskiya, kuma ta fi min ciwo fiye da kai, don na sha tsayawa da kayan aiki a jikina ana cewa a fasa. Amma ka bar ni in gaya maka yadda kamfanonin nan suke yi da mu, tunda su kake ganin mafita. Shekaru masu yawa, kuɗin da ake ba asibiti a kan kowane mai inshorar ma'aikatan tarayya naira 750 ne a wata, har sai 2024 aka ƙara. A cikin shekarun nan aka saki naira a 2023 darajarta ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da barin Najeriya, farashin maganin asma da na kashe ƙwayoyin cuta ya yi tashin gwauron zabi. Mara lafiya yana zaune a gabana, na san abin da yake buƙata, amma sai an aika wa kamfani an jira lambar amincewa. Wani lokaci minti ashirin, wani lokaci sai gobe. In mun yi aikin, kuɗinmu ya kwanta wata da watanni. Sakamakon haka a asibitoci da yawa mai katin inshora shi ne ake kallo a matsayin nauyi, mai tsabar kuɗi shi ake fara kira. Ka ga gasar da kake fata ba ta kare mara lafiya ba, don ba shi ne yake zaɓar kamfanin ba a mafi yawan lokuta, ma'aikatarsa ce, kuma ranar da yake kwance ba ranar sauya kamfani ba ce.

Baban Hanifa: Wannan ai HMO ne a ƙarƙashin tsarin gwamnati, ita ta yanke 750 ɗin. Ni ina maganar kasuwa ta gaskiya. Na karanta cewa a Holan kowa a kamfani yake yankar inshora, kuma ba a jin kukansu kamar na Ingila.

Maman Sadiq: Haka ne Yaya, tun 2006. Amma ka karanta sharuɗɗan. Doka ta tilasta wa kowa ya yanka. Doka ta hana kamfani ya ƙi karɓar kowa a tsarin tushe, tsoho ne ko mai ciwon daji. Doka ta hana a caji mara lafiya fiye da mai lafiya a tsari ɗaya. Gwamnati ce ke faɗin abin da dole a biya wa mutum, ita ke biyan na yara 'yan ƙasa da shekara 18, tana tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi, kuma akwai asusun da ke cike wa kamfanin da marasa lafiya suka yi wa yawa. Gwamnatin da za ta iya tsare kamfanoni da wannan igiya ta fi wadda za ta sayi man janareta ƙarfi. Idan tamu ta kasa na biyun, ta yaya za ta iya na farkon?

Kuma layin Ingila ba daga sunan "gwamnati" ya fito ba. Gadaje ne suka yi kaɗan. Jamus tana da gadon asibiti kusan ninki uku na Birtaniya in aka auna da yawan jama'a. Sau da yawa tsoho ya warke amma babu inda za a mayar da shi a kula da shi, sai ya zauna a gadon, wanda za a yi wa aiki ya rasa wurin kwanciya. Masu hali a nan suna yankar inshorar kamfani don su tsallake layin gwiwa da ido, amma ranar da zuciya ta buga ko aka yi haɗari, su ma motar NHS ce ke ɗaukarsu, don inshorar ba ta ɗaukar gaggawa kuma ba ta cika ɗaukar ciwon da ba ya warkewa ba.

Gwaggo Asabe (Kumasi): 'Ya'yana sannunku da muhawara. Ni ba ni da boko irin naku, amma na ga zamani biyu a Gana. Na ga zamanin da ake cewa sai ka biya kafin a taɓa ka, mace tana naƙuda ana tambayar mijinta kuɗi a bakin ƙofa. Maƙwabciyata a zango ta rasu a gida da ciki, saboda mijin yana yawon neman rance. A 2003, zamanin Kufuor, aka kawo inshorar ƙasa. Kuɗinta yawanci daga harajin kaya ake cirewa, kashi biyu da rabi, kowa ya sayi abu ya sa nasa ko bai sani ba. Yara, masu ciki da tsofaffi daga shekara 70 ba sa biyan kuɗin shekara. Yanzu ma ta waya nake sabunta katina.

Ba zan ce babu matsala ba. Gwamnati takan yi jinkirin biyan asibitoci, su kuma sai su ce maganin nan babu, je ki saya a waje. Ya faru da ni ba sau ɗaya ba. Amma ɗana, wanda bai ga wancan zamanin ba ba zai san darajar ɗan katin nan ba. Kuma da katin ina shiga asibitin mishan da wasu na kuɗi, ba na gwamnati kaɗai ba.

Malam Laminu (Maraɗi): Gwaggo ta faɗi abin da ke bakina. A Nijar tun 2006, lokacin Tandja, aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar da matan da za a yi wa aikin haihuwa ba za su biya ba. Uwaye suka cika gidajen likita, yaran da da a gida za a bar su da zazzaɓi aka kawo su. Amma gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa gidajen likita kuɗinsu, bashi ya taru, kantin magani ya bushe. Sai ka ga ganin likita kyauta ne, takardar magani kuma ka nufi kasuwa da ita. A 2024 hukumomin yanzu sun rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, suka ce haihuwa kyauta. Mun yi murna, kuma muna kallo mu ga ko kuɗin zai riƙa isa wurin a kan lokaci. Don haka ɗan uwa Baban Hanifa, rabin maganarka ina tare da kai: alkawarin gwamnati ba magani ba ne. Amma a ƙauyukan da nake koyarwa ban taɓa ganin wakilin kamfanin inshora ba, kuma ba na sa ran ganinsa. Manomin da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a shekara bayan kaka, wane kamfani ne zai bi shi?

Malam Babba (Zariya): Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma shi ne yake hana mutanenmu da yawa kusantar abin tun daga sunansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1985 ta yanke cewa inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke karɓar kuɗi don riba a kan abin da ba a san zai faru ko ba zai faru ba, akwai garari, wato rashin tabbas, mai yawa a cikinta, amma ta halatta ta taimakon juna, inda jama'a ke zuba kuɗi da niyyar agaza wa wanda larura ta samu a cikinsu. Akwai malaman da suka yi sauƙi a kan inshorar lafiya saboda buƙata, musamman ga irin su Ilu da ba su da wata hanya. Abin da nake so Baban Hanifa ya lura shi ne, in ka ce a bar wa kamfanonin riba kaɗai, mutane da yawa a Arewa ba za su shiga ba ko suna da kuɗin. Shi ya sa da Kano ta yi dokarta a 2016 ba ta kira abin inshora ba, ta kira shi tsarin taimakekeniya. Kuma abin da kuka yi wa Baffa, ku goma sha ɗaya, shi ne ainihin wannan, sai dai kun yi shi bayan ciwo ya zo, cikin gaggawa da tashin hankali.

Auta (Kano): Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni ina cikin tsarin jiha ta wurin aikin koyarwa, ana cirewa a albashi duk wata. Haihuwar Ummi aiki aka yi wa matata, kuma abin da na kashe bai kai kuɗin ragon suna ba. Abokina mai shagon waya, wata ɗaya tsakaninmu, shi ma aiki aka yi wa matarsa, babur ɗinsa ya sayar. Akwai ranar da na je asibitin da na zaɓa aka ce maganin da aka rubuta ya ƙare, na saya a kemis da kuɗina, na ji haushi ƙwarai. Amma ban sayar da babur ba.

Baban Hanifa: Auta, kai ma'aikaci ne, ana cirewa kafin kuɗin ya iso hannunka. Mu a Kantin Kwari wa zai cire? Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a watan Mayun 2022, aka ce inshorar lafiya ta zama dole a kan kowane ɗan Najeriya, aka ce za a yi asusu don marasa ƙarfi miliyan 83. Ku zo layinmu ku tambayi mutum ɗari, ku ga nawa ne ke da kati. Har yau sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya yake fitowa. Doka a takarda, mu a kemis.

Dakta Rabi: Yaya, wannan adadin da ka kawo shi ne ya fi komai muhimmanci a duk abin da aka faɗa yau, kuma bai goyi bayanka ba. Muna ta gardama a kan Ingila da Amurka kamar ɗaya daga ciki muke da shi. Ba mu da ko ɗaya. Abin da muke da shi shi ne wanda Gwaggo ta ce ta gani a da: biya kafin a taɓa ka. Asibitin gwamnati a nan ba kyauta ba ne, kati kuɗi, gwaji kuɗi, safar hannu da zaren ɗinki ma sai ka sayo. Wata huɗun Baffa mun ƙirga shi don yana da rana a littafi. Matar da ta zo min makon jiya da ƙullutu a nono, shekara ɗaya da rabi tana jinsa, tana jiran a sayar da amfanin gona, wa ya ƙirga nata? Da ta zo ya riga ya bazu. Ingila tana buga adadin layinta duk wata, 'yan jarida su yi ta caccakar minista da shi. Namu layin a ɗakunan gidaje yake, babu mai bugawa.

Inda na yarda da kai shi ne ba dole gwamnati ta mallaki kowane gado ba. Mai tara kuɗin daban, mai asibitin daban. A tara kuɗi a asusu ɗaya da ba ya korar tsoho ko mai sikila, a bar mutum ya je asibitin da ya ga dama, na gwamnati ko na kuɗi, asusun ya biya a kan lokaci kuma farashin da zai riƙe asibiti. A nan gasar da kake so za ta yi aiki, tsakanin asibitoci. Dokar lafiya ta 2014 ta riga ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Ya yi kaɗan, amma ƙofar ke nan.

Baban Hanifa: Asusu ɗaya a hannun wa? Nan ne ba za mu haɗu ba, Dakta. Ni na ga yadda kuɗin fansho ya yi, na ga dattawa a layin tantancewa. In an tara kuɗin lafiyar mutum miliyan ɗari biyu a tukunya ɗaya, ina tsoron hannun da zai riƙe ludayin. Kamfani in ya cuce ni ina da inda zan kai ƙara, ko in bar shi. Gwamnati in ta cuce ni sai dai in ce Allah ya isa.

Kawu Ilu: Ɗana, na taɓa gwada kai ƙarar kamfanin inshora. Suna da lauyoyi hawa guda, ni ina da waya da awa ɗaya ta hutun rana. Tsoronka na ludayi gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma kada ka ɗauka barin kamfani abu ne mai sauƙi ga wanda ya riga ya kamu da ciwo. Kafin dokar lafiya ta Obama ta fara aiki sosai a 2014, a nan in kana da ciwon suga kamfani na gaba yana da ikon ya ce ba ya so. Gwamnati ce ta hana, ba gasa ba.

Maman Sadiq: Zan shiga aikin dare, sai da safe. Amma Yaya kafin in tafi: Gwaggo Hauwa shekararta 68, ga suga ga hawan jini, kuma idonta na dama ya fara yana. Ita ce ta gaba, duk mun sani. Kada mu jira sai an sake yin karo-karo cikin dare.

Baban Hanifa: Ban sauka daga ra'ayina ba, amma wannan magana ce. Ranar Litinin zan je wuri biyu da kaina, ofishin tsarin jiha da ofishin kamfani ɗaya mai zaman kansa. Zan faɗa musu shekarunta da ciwonta ba tare da ɓoye komai ba, in tambayi nawa ne a shekara, ko aikin ido yana ciki, wata nawa za a jira kafin a yi, da asibitocin da za ta iya zuwa. Zan ce su rubuta min a takarda. Dakta, ki turo min sunayen magungunan da take sha, in tambaye su ɗaya bayan ɗaya.

Dakta Rabi: Zan turo yau da daddare. Ka ƙara da tambayar gwajin suga na wata uku-uku da na ƙoda, kuma in sun ce "yana ciki", ka ce su nuna maka shafin.